Hawa na Tara, Bengaluru

Ƙarfe goma na dare, damina na dukan gilashi,
Sharvari na farautar waƙafi ɗaya
da ya durƙusar da manhajar biyan kuɗi.
Shayinta ya huce tuntuni.

Ta ɗinke ɓarakar.
Ba shaida sai mai shara.

Da safe Hegde ya ce wa manya, "Mun gyara."
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wata goma sha takwas ana ce mata:
hannunki na da kyau,
amma ƙarin girma na son baki.

Yau ta ɗaga yatsa,
murya na rawa kamar mazari:
"Layi na ɗari huɗu ne. Ni na gano."

Hegde ya gyara tabarau.
Daga ƙarshen tebur
wata ta tambayi yadda ake rubuta sunanta.