Malam Kurihara Bai Iya Ninkaya Ba

Sakandarenmu kan tudu take, a tsibirin Sado,
tagogin ajin ƙarshe duk teku suke kallo.
Mu goma sha tara ne a shekararmu.
Malamai kaɗan, kowa da ajinsa da safe,
da yamma kuma a ɗora masa wani kaya daban.

Malama Tachibana ta ilmin halittu
ba ta cika yarda da allo ba.
Takalman roba take raba mana,
ta kora mu gonakin shinkafa, mu tsuguna a kan kunya,
muna ƙirga tsuntsun toki mai jan fuska.
Ka yi tari, ta harare ka.
Ka ga biyu ka rubuta uku, ta miƙo maka magogi:
"Abin da ka gani za ka rubuta, Kazama,
abin da kake so ka bar shi a cikinka."

Malam Nonomura na tarihi,
muryarsa ko kujera ta uku ba ta kaiwa.
Yana zancen ramukan zinariya na kakanninmu, muna gyangyaɗi.
Ƙarfe huɗu na yi sai ya tuɓe kwat,
ya ɗaure goshi da tsumma,
ya tunkari gangar da ta fi shi faɗi.
Ƙura ta yi ta zubowa daga rufi,
mu yi ta kallon juna.

Sai Malam Kurihara, mai lissafi,
alli a gwiwar hannu, tabarau ɗaure da zare.
Shi aka ba ƙungiyar ninkaya
don duk sauran hannuwansu a cike suke.
Bai iya ba. Kowa ya sani, ba wanda ya furta.
Yakan tsaya bakin tafki da takalmansa, nesa da jiƙa,
agogo a dama, littafi a hagu,
yana ƙirga mana bugun hannu kamar mai bin bashi.
"Kazama, a juyi kake zubar da daƙiƙa biyu."
Mukan nutsa mu yi dariyarmu a ƙasa,
kumfa ce kawai ke tona mu.

Wata asuba ina taya babana sauke kwandunan kifi,
na hango mutum a bakin gaɓa, inda ruwa iya ƙugu,
rungume da allon roba irin na yara,
yana harba ƙafafu kamar ɗan akuya a rijiya.
Ya sha gishiri, ya miƙe, ya yi tari,
ya sake kwantawa.
A kan dutse ga tawul a ninke,
ga tabarau mai zare.
Shekara hamsin da uku.

Na ɓuya bayan kwando har hannuna ya sandare.
Ban gaya wa kowa ba, ko babana.
Daren nan na buɗe littafin da na daɗe ina gudu,
na shiga lissafi iya ƙugu,
na sha nawa gishirin.

Ranar rufe tafki, a watan Satumba, iska ta fara cizo.
Muna naɗe igiyoyi sai ga shi da gajeren wando,
fari fat, ƙafafu kamar sillen kara.
Ya miƙo mini agogon bai dube ni ba.
Nonomura ya leƙo da sandunan ganga a hannu,
Tachibana da taɓo har gwiwa.
Ba wanda ya yi tari.

Mita ashirin da biyar.
Sau biyu na ɗauka ya tafi ke nan.
Da ya dafa bango, bai nemi tawul ba,
numfashi na yanke masa magana, ya ce, "Nawa?"

Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Na so in rage masa ko goma.
Na buɗe littafinsa, shafin da ke ƙarƙashin sunayenmu,
na rubuta abin da na gani.