Kwat Ɗin Soja

Baltimore, daren Laraba, shekara guda da gama yaƙi.
Ruwa ke zuba tun la'asar, bai ce zai ɗauke ba.
Jar fitilar otal ɗin tsallake na ƙyaftawa ta taga,
harafi ɗaya ya ƙone, ba wanda ya gyara.

Sun zaunar da ni a kujerar ƙarfe,
ƙwan lantarki na lilo bisa kaina.
Sufeto Garrity ya tura mini taba da ɗan yatsa,
ya ce, "Zalewski, ina ka kwana ranar Litinin?"

Ina na kwana?
Inda nake kwana kullum, ranka ya daɗe:
cikin wani rami a ƙasar Italiya,
laka har gwiwa,
Orval na kiran uwarsa, rabin fuskarsa babu.
Gadon Madam Fenn dai haya nake biya,
ban taɓa barci a kansa ba.

An tsinci tsoho Hruska mai karɓar jingina
kife bayan kanta, tsakanin agogo da zobban mutane,
an rufe shi da kwat ɗin soja.
Sunana ne a wuyan kwat ɗin, da zaren ƙanwata.
Ni na kai masa, ya ba ni dala huɗu,
ya ce asu ya ci aljihun.
Takardar shaidar? Na kunna taba da ita.

Sufeto na kallon hannuna yana rawa.
Ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.
Ban gaya masa haka yake rawa ba ko a coci,
ko in yaro ya fasa balan-balan a titi.

"Ka taɓa kashe mutum?"
Na ce, goma sha ɗaya, waɗanda na ƙirga.
Ɗaya yana cin burodi ne.
A kansu aka buga mini badujala,
magajin gari ya liƙa mini ƙarfe a ƙirji,
'yan mata suka jefo furanni.
Yau ga guda ɗaya da ban taɓa ba,
shi ne za a tambaye ni.

Magatakarda ya daina buga tafireta.
Can tashar ruwa wani jirgi ya yi kuka.
Sufeto ya miƙe, ya ɗauki hularsa,
ya ce kar in bar gari.

Na fito ba kwat, ruwa na dukan wuyana.
In bar gari in je ina?
Ni da ban gama dawowa ba.