Kwana Huɗu a Hanoi

An aiko ni duba injin casar shinkafa,
ba wanda ya ce sai na koyi tsallaka titi.
Ga ni a bakin hanya tun hantsi,
jaka a hammata, ƙafa ta ƙi ɗaguwa,
babura na kwarara kamar an fasa madatsar ruwa,
wannan da firji a baya, wancan da bishiyar lemo a tukunya.
Diep, mai yi mini tafinta, ta ce,
"Kar ka tsaya, kar ka ruga.
Taka a hankali, su za su kauce."
Na yi bisimilla, na rufe ido ɗaya.
Suka bi ta gefena kamar ruwa ya tarar da dutse.

Makullin ɗakina kati ne, katin kuwa ɗan zuciya:
sau uku yana ƙina, sau uku ina sauka hawa shida.
Na'urar sanyi ta kwana tana tari.
Taga ta buɗe ga bango, bangon bai ce mini sannu ba.
Na nemi alƙibla, waya ta nuna yamma.
Shekara hamsin ina kallon gabas,
yau na ba ta baya na ɗaura niyya.

A bakin banki na zama mai miliyoyi.
Kafin la'asar tasi ta ci rabi,
laima da ruwan gora suka raba saura.

A masana'anta Khoa ya zuba shayi a kofi kamar murfin kwalba,
ɗaci, ba sukari, na shanye don kunya, ya ƙara.
Ya danna farashi, na danna nawa,
muka yi ta miƙa wa juna na'urar lissafi
kamar masu ba juna jinjiri mai kuka.
Injin dai ya yi: ƙwayar na fita fara sol, ba tsakuwa.
Na damƙi kaɗan na zuba a aljihu.

Da dare, kujerar roba ta 'yan yaye,
gwiwata na gaisawa da haɓata.
Na roƙi Diep ta faɗa, ta sake faɗa: ban da alade.
Aka kawo kifi da kurkum yana ƙara a kasko,
ganye tuli, taliyar shinkafa, da tsinke biyu.
Tsinke biyu! Ni da na bar yatsu biyar a zaune.
Loma ta kai bakin leɓe ta koma gida.
Na zaro ƙullin yajin da Tasalla ta cusa mini cikin safa.
Tsohuwa Nguyet mai kaskon ta dangwala, ta lasa,
ta yi tari, ta share hawaye,
ta miƙo tafin hannu a ƙara mata.
Rasit fa? Ta yi dariya har haƙorinta na azurfa ya fito.
Akantan ofishinmu sai ya yi haƙuri,
dariya ba ta shiga fayil.

Na ga tafkin da jar gada,
tsofaffi na rawa da asuba, ba biki ba suna.
Na ga ƙaton kunkuru a akwatin gilashi,
mun dubi juna, ni da shi duk an gaji.
Na sha gahawa da ƙwai a ciki, ban gaya wa kowa ta yi daɗi ba.
Yayyafi kwana huɗu, safata ba ta bushe ba.

Safiyar tafiya na sauko ni kaɗai.
Wani dogon Bature na tsaye a bakin titi,
taswira a hannu, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.
Na kama hannun rigarsa,
na ce masa da Hausa, "Taka a hankali."
Ya kuwa taka.