Awa Shida da Rabi

Ƙarfe huɗu na asuba, Mancesta na yayyafi,
safar hannuna ta jiƙe sharkaf,
ina cusa akwatunan mutane a cikin jirgi
kamar mai ɗura hatsi a rumbun da ba nasa ba.

Kowace jaka da 'yar takarda a kunne.
Wannan Dubai za ta, awa bakwai.
Waccan ja mai karyayyar ƙafa, Singafo:
kafin in tashi aiki, in runtsa, in farka,
wani na can yana janta a bakin duniya.

Jiya Hansatu ta turo murya:
"Talle, ɗan gidan Bawale ya ce
Landan zuwa Abuja awa shida ne da rabi.
Ashe kusa kake!
Ranar da motarmu ta mutu a hanyar Kaduna
mun fi haka daɗewa.
To me ya riƙe ka shekara biyar?"

Sau uku na saurara a ɗakin shan shayi.
Marek ya ce lafiya? Na ce ƙalau.

Ba ƙarya ta yi ba. Na duba waya:
kilomita dubu huɗu da ɗari bakwai da 'yan kai.
Ko tsawon aikina na yini bai kai ba.
Kakanmu Ɗangoje da ƙafa ya je Makka,
shekara bakwai, ya yi ƙodago a Sudan,
ya dawo da furfura da buta guda.
Shi ƙasa ce ta miƙe masa.
Ni sama a buɗe take, ina gindinta kullum,
ƙararta har cikin haƙorina.

Amma Yaya, ga lissafin da waya ba ta yi:
takarduna wata goma sha ɗaya
suna ofishin da ba ya amsa sallama.
Kuɗin kujera guda, hayar wata biyu.
Gida goma sha huɗu ke jiran tsaraba,
wa zan gaisar hannu rabbana?
Sai kuma zaure,
inda tabarmar Baba take a naɗe.
Wannan ban san awa nawa ne ba
daga ƙofa zuwa ciki.

Wajen ƙarfe shida amalanke ta uku ta iso.
Can ƙasa, wata jakar bakko,
an ɗaure ta da igiya, ɗaurin gida,
kulli biyu da ɗan saura.
Na juya takardar: Kano, ta Istambul.
An rubuta suna da alƙalami mai kauri,
Hajiya wance, unguwar Gwammaja.

Na zaro ta, na share mata ruwa da hannun riga,
na ɗora ta bisa kowa don kada a danne ta.
Na ce, ki gaida mutan gida.

Marek ya buga ƙarfe, ya nuna agogo.
Saura jaka tamanin.