Matar Kalanda

A bayan shagon magani na Yelwa na tsinci kalandar.
Gara ta cinye watan Maris,
amma ta bar mini matar:
zaune, wuya a ɗan karkace,
tulun furanni kusa da gwiwar hannunta.
Wanda ya zana ta ya kwanta dama
tun ba a haifi kakan kakana ba.

Ni allon masu aski nake wa fenti.
Kai ɗaya, sefa dubu biyu.
Duk Garwa ba wanda ya taɓa tambayata
me idanun kawunan nan ke kallo.

Karon farko ta fito kamar mai ciwon haƙori.
Na biyu, kumatunta suka zama taɓo.
Fentin mai ba ruwansa da gaggawar kowa:
ƙuda ya sauka a goshinta, ya kwana,
da safe na ɗauke shi da tsinke.

Hamajam tela ya leƙo. "Wannan fa?"
Na ce, "Malamata."
Ya koma kan kekensa yana dariya.

Ita kuwa tana koyarwa, ba ta ɗaga murya.
Ashe inuwa ba baƙa ba ce,
akwai kore a ƙarƙashin haɓa.
Ashe hasken ido ɗigo ɗaya ne,
ka ƙara na biyu, ka makantar da ita.

Furannin ne suka gagare ni.
Ban san sunansu ba, ban taɓa shinshinar su ba,
hannuna sai ƙarya yake shara musu.
Da asuba na gangara bakin Binuwai,
lambun Goggo Asta:
furen kuɓewa, rawaya mai jan ciki,
da na yakuwa, da na kabewa mai baki buɗe.
Ta ce, "Kowane fure ka tsinka, miyar wani ka zubar. Biya."
Na biya.
Kafin azahar duk sun sunkuyar da kai.
A nan na koyi sauri,
bayan matar ta gama koya mini jira.

Karo na bakwai, da la'asar,
na ja da baya har bangon Hamajam, na duba.
Wuyan nata ne, zaman nata ne,
amma bakin,
bakin Goggo Asta ne tana yanke farashi.

Na ɗaga buroshi.
Na ajiye.

Tsoho, mai zanen farko, ka yi haƙuri.
Tulunka na nan yadda ka bar shi,
kuɓewa ce dai ta yi fure a ciki.