Gungun da Ba Kowa

Ni mai ƙanƙara ne a bakin tashar Yawuri,
ina saran ta da gatari tun kafin hantsi,
masunta su saya su binne giwan ruwa a ciki.
Kafin azahar, rabin jarina ya koma ruwa.

Jiya Malam Anaruwa, wanda ya ajiye alli ya ɗau sanda,
ya shimfiɗa tsohuwar taswira kan buhun ɓuntuna,
ya ɗora farce can sama, inda takarda ke ƙarewa.
"Ka ga ɗigon nan kamar kashin ƙuda?
Gungu ne, Ɗantani. Ba hayaƙi, ba zakara, ba kowa.
Hajarka ce ƙasarsa.
Rana kan yi watanni ba ta leƙo ba,
in ta fito kuma, ta ƙi faɗuwa."

Na ce, to wa ya gano shi?
Ya ce wasu masu taurin kai cikin jirgin katako.
Teku ta daskare ta datse musu jirgi
yadda kada ke datse ƙafar saniya a mashaya.
Suka ci karnukansu, suka dafa takalma,
haƙoransu na zuba kamar ƙwarar masara.
Duk da haka sai da suka tara duwatsu,
suka cusa wasiƙa a gwangwani,
suka raɗa wa wurin sunan attajirin da bai zo ba.
Na baya suka biyo sawun na farko:
cokali ɗaya, maɓalli, da agogon da ya daina bugawa.

Ban yi dariya ba.
Kakana Gado ma yana da gungu,
akwai albasa, akwai tsamiya, akwai kabarin uwarsa.
Shekarar da ruwan Kainji ya tashi
suka kwashe tukwane a kwalekwale, akuya na kuka.
Har ya rasu, in mun ratsa wurin yakan tsai da filafili,
ya dubi ruwa, ya yi sallama, ba mai amsawa.
Na ce Malam, nemo min shi a takardar nan.
Ya goge tabarau, ya duba, ya sake dubawa.
Shuɗi kawai.

Wata yarinya ta miƙo ɗari biyu da bokiti.
Na ɗaga gatari, ɓarɓashi ya yi tsalle
ya sauka daidai kan gungun Turawan.
Malam ya sa hannun riga da sauri,
yana faɗa, wai zan nutsar masa da arewa.