Saƙar Tsakani

Ƙarfe biyun dare a Sheffield.
Ruwa na dukan tagar hawa na huɗu,
taragon ƙarshe ya wuce tun ɗazu.
Daga ni sai faranti shida da fitilar madubi.

Ƙwayoyin jijiya iri ɗaya na zuba,
ci ɗaya, ɗumi ɗaya.
Shimfiɗarsu kaɗai na bambanta:
nan kolajin mai laushin kindirmo,
can na ɗaure shi ya yi taurin ganda.

Ashe ƙwaya ba ta da ido, yatsu gare ta.
Takan laluba, ta kama zare, ta ja,
ta saurari yadda zaren ya ja ta.
Abin da yatsa ya jiyo
shi ke gangarawa har cibiyarta
ya ce zauna, ko rabu biyu, ko tashi ki kama hanya.

A faranti na uku wata ta yi gaba.
Ta zaro 'yar askarta, ta tsaga saƙar,
sai ga saƙon da aka ƙulle tun tuni ya warware,
kamar kuɗin da tsohuwa ta ɗaure a bakin zane.
Ta karɓa, ta dafa ta kusa da ita:
ke biyo ni, jagora ɗaya ya isa.
Suka jeru, suka bar kafa a tsakiya
inda jini zai bi wata rana.

A na shida, mai taurin,
kowa madugu, babu ayari.
Rassa sun karkace,
bango duk huji kamar rariya.

Alwyn mai gadi ya leƙo yana ɗingishi.
Wata tara ke nan gyambon diddigensa
ciwon suga ya hana shi rufewa.
"Sun tsiro?"
Na ce wasu.
"Sauran fa, ragwaye ne?"
Na ce a'a, ƙasar da aka ba su ce.
Ya dubi takalminsa na hagu, wanda ya farke wa baki,
ya daɗe bai ce komai ba,
sannan ya ce zai ɗora mana shayi.

Na rubuta: na uku, rassa goma sha ɗaya.
Na shida, a sake.

Da asuba zan sauka tudun nan a ƙafa,
duwatsun titi jiƙe, masu santsi.
Shekara shida ina taka su,
har yau tafin ƙafata
sai ya tambaya kafin ya sauka.